Unguwar Da Baƙo Ba Ya Zuwa

Wani ne, tela, mai sanƙo da ɗan tumbi. Ku daina kallona, masu sanƙo suna da yawa a birni.

Gidansa na tsakiyar gari, kusa da shagonsa, amma dangi sun hana shi sakat. Da an sauke tukunya sai sallama. Kawu ya leƙo, Gwaggo ta biyo baya, ƙanin matarsa kuwa har cokalinsa gare shi a gidan. Su ci, su sha shayi, su tafi. Shi ko bawan Allah burinsa ɗaya a duniya: ya miƙe ƙafa a kujerarsa, ya ci abincinsa ba hannun kowa a ciki.

Sai ya nufi wurin dillali.

"Gida nake so a unguwar da baƙo ba ya zuwa."

Dillali ya kai shi wata unguwa. "Nan akwai ruwa, akwai wuta, ga makaranta."

"Mota nawa ake hawa daga gidan Kawu?"

"Ɗaya."

"Mu ƙara gaba."

A ta gaba aka ce mota biyu. Ya ce, "Ba ka san Gwaggo ba ne. Mu je."

Suka yi ta tafiya har kwalta ta ƙare, waya ta daina kamawa, dillalin da kansa ya fara tambayar hanya. Gogan ya washe baki. "Alhamdulillahi, nan ne!"

Matarsa ta ce, "Maigida, shagon fa?"

"Ke dai ki zuba ido. Da tunani na yi abina."

Aka tare. Kawu ya zo ganin gida, ya iso yana haki. "Kai ɗana, wannan uban nisa! Ai wanda ya zo nan ba ya komawa a ranar." Ya nemi tabarma. Gwaggo ta zo duba ko Kawu ya iso lafiya, da jakarta niƙi-niƙi. Ƙanin matar ya rako ta, cokali a aljihu.

Mai tunani kuwa, in ya rufe shago, kafin ya kai gida lokacin fitowa ya yi. Dole ya koma kwana a teburin yanka, yana matashi da yadin mutane.

Da ƙyar ya samu ya je gida ƙarshen wata. Ya yi sallama. Kawu na kishingiɗe a kujerar nan, kwano a cinya. Kawu ya ɗaga murya ya kira matar gidan, "'Yata, ƙaro cokali, an yi baƙo!"

Sannan ya juyo.

"Ɗana, kwana nawa za ka yi mana? Ka dai ga gidan a cike yake."