Rasuwar Ɗan Kwaɗon Saman Allo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Injiniya, mai rubuta manhaja da ke zama a teburin bakin taga, tana sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar Ɗan Kwaɗo, ɗan hoton kwaɗon kulle ƙofa mai nuna shafi amintacce ne, wanda ya yi shekara guda cif a saman allon kwamfutar da ta gada a ofis, gefen adireshin shafin. Ya cika ranar Litinin da hantsi, saura awa biyu a gwada manhajar katin rigakafin jarirai a gaban babbar ungozoma.

Marigayin ba ɗan babban gida ba ne. Dogo, tsohon ma'aikacin ofishin, shi ya haɗa masa takardar shaida, ya buga mata hatimin kansa, ya yanka mata wa'adin shekara ɗaya, sannan ya bar aiki ya canza lamba bai gaya wa kowa ba. Amma kowa ya shaidi mamacin da riƙon amana. Sirrin da burauza, manhajar buɗe shafi, ta faɗa wa saba, babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai, ba ya fita ta wurinsa, kuma ba a taɓa jin muryarsa ba. Albarkacinsa kyamara ke buɗe ido ta karanta katin jariri, don ita in ba ta ga kwaɗo ba, ko za a wuni ana roƙonta ba ta kallon kowa.

Bai yi jinya ba, wa'adin takardarsa ne kawai ya cika. Injiniya ta je haɗa shayi, ta dawo ta tarar da jan rubutu ya cika allo, wai wannan hanya ba amintacciya ba ce. Ta kashe ta kunna. Ta kira tsohuwar lambar Dogo, wata mata ta ɗauka. Ga shi gwajin wata uku take yi a ofishin, kuma Oga ya riga ya faɗa cewa wannan manhajar ce takardar zamanta.

A nan ta aikata abin da take neman gafara a kai. Ta mayar da agogon kwamfutar baya da wata guda, mamacin ya farfaɗo kamar bai taɓa tafiya ba.

Ungozoma ta iso da katin wani jariri ɗan sati biyu. Kyamara ta karanta tsaf. Manhaja ta duba kwanan wata, ta ce ba a haifi wannan yaro ba tukuna.

"'Yar nan," in ji ungozoma, tana sauke tabarau, "ni na yanke masa cibiya da hannuna."

Oga ya ɗaga kai yana kallon fanka. Injiniya ta gyara agogo a gabansu, Ɗan Kwaɗo ya sake cikawa a hannunta, ita kuma ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ya rasu ya bar kyamara cikin makanta, da wayoyin asibiti huɗu da Dogo ya kulle da kalmar sirrinsa. Sau shida Injiniya tana haɗa sabuwar takarda suna ƙin ta, su hatimin Dogo kaɗai suka sani. Ya kuma bar Inna, mahaifiyar Injiniya, wadda ta riga ta zagaye dangi da albishir ɗin 'yarta ta samu aiki, har yanzu ba a sanar da ita ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma, daidai lokacin da ungozoma ta ce za ta dawo, zuwan ƙarshe. Daga nan sai kwandon sharar kwamfuta. Ana karɓar gaisuwa a bakin taga, amma masu cewa "ai a tawa kwamfutar yana aiki" su yi zamansu, an yafe. Duk mai sabuwar lambar Dogo, don girman Allah ya kawo kafin yammacin Laraba. In ba a samu ba, Injiniya na roƙon masu haƙa su faɗaɗa ramin, don kujerar bakin taga ma tare za a binne su.