Kwana Tara Babu Shayi

Allah ya yi wa ƙasar Masar kyauta biyu: kogin Nilu da Kwamanda Midhat Shurbagi. Kogin ma yakan ja baya wani lokaci. Kwamanda kuwa kullum cike yake, har yana ambaliya.

Shi ne hafsan da ke kula da gine-gine a wani sansanin sojan ruwa da ke gaɓar Bahar Maliya. Shekara ashirin da shida yana aikin, teku bai taɓa jiƙa masa takalmi ba. Sau ɗaya ya hau jirgi, da zai tafi Umara, kuma an ce kifayen hanyar har yau suna sa masa albarka, don ya ciyar da su da amai tun daga wannan gaɓa har waccan. Wannan bai hana shi rataya madubin hangen nesa a wuya ba, ko da banɗaki zai shiga. Fararen kayansa kuwa, ƙuda ma sai ya goge ƙafa kafin ya sauka. A gabansa kurata na ce masa Basha, wato mai girma. A bayansa sunansa Kifin Tudu.

Wata rana takarda ta zo daga manya a Iskandariya. Kayan gyara ba za su ishi kowane gini ba, saboda haka a auna su duka, a ba kowanne maki daga ɗaya zuwa ɗari. Tambaya biyu ce kawai. In an rufe ginin nan, kwana nawa kafin aikin jirage ya tsaya? Kuma ana iya yin aikinsa a wani wuri? Duk ginin da ya kasa maki goma, a rufe shi, a sallami mai tsaronsa.

Kwamanda ya tara jama'a a rana, shi yana inuwa.

"Ku saurara da kunnen basira! Jahili na zaton yaƙin ruwa a ruwa ake yin sa. Kuskure! Jirgi ɗa ne, tudu ne uwarsa. Kuma wa ya san uwar nan ciki da bai? Ni. Ina duban gini sau ɗaya, na san nauyinsa kamar yadda mahauci ke sanin rago."

Aka amsa da murya ɗaya: "Tamam, ya fandim!"

To, wanda ya zauna da sojan Masar ya san wannan magana. Ma'anarta lafiya lau, ranka ya daɗe. Ita ce amsar ƙarami ga babba, ko da gobara na cin wandonsa.

Aka fara awo. Kwamanda ya yi shi daga cikin mota, gilashi a rufe, don iskar teku na ɓata masa gashi. Ya fara da ofishinsa, saboda adalci daga gida yake farawa. Ya tambayi kansa, ya ba kansa amsa, ya rubuta ɗari. Ya so ya ƙara, takarda ce ba ta ba da dama ba. Gidan shaƙatawar hafsoshi ya sami casa'in da bakwai. Kifin dutsen da ke feshin ruwa a ƙofar ofishinsa ya sami tamanin da takwas, "domin yana ɗaga zuciyar mayaƙa." In ya sauke gilashi ya tambayi soja, "Ko ba haka ba?" sai ya ji tamam, ya rubuta cewa an tuntuɓi masana.

A rana ta uku ya isa wani ɗan ɗaki a bayan matsayar jirage, bango duk gishiri ya cinye. Kowa a sansanin Kahwa yake ce masa, wato gidan shayi, har sabbin kurata ba su san yana da wani suna ba. Mai tsaronsa Amm Fahim ne, tsoho farar hula, mutumin ƙauyen kudu, shekararsa talatin da ɗaya a ɗakin, saura wata bakwai ya yi ritaya da mutuncinsa. Gaskiya ne yana dafa shayi a bakin ƙofa, baƙi wuluk mai tsayar da cokali, kuma matuƙan jirgi na zama su sha. Amma a can ciki akwai injin da ke jawo ruwan daɗi daga bututun Nilu ya tura shi babban tankin da ke kan dutse. Daga tankin nan kowa ke sha, har jirage.

Kwamanda ya sauke gilashi rabi. Ya ga buta, ya ga kofuna.

"Kai tsoho! Wannan ce kahwar da nake jin labari?"

"Haka suke ce mata, Basha. Amma da ka shigo ka ga..."

Kwamanda ya dubi ƙasan ɗakin, a jiƙe. Ya dubi farin takalminsa. Ya zaɓi takalmi.

"Ba na buƙatar shiga, ido na gare ni. Amsa mini: in na rufe nan, kwana nawa kafin jiragen yaƙi su tsaya?"

"Kwana tara, Basha. In an yi tsimi, goma."

Dariya ta kama Kwamanda har madubinsa na tsalle a ƙirji. "Kun ji! Rundunar ƙasa guda za ta durƙusa don kwana tara babu shayi! Ana iya yin aikinka a wani wuri?"

"Wallahi ba a iyawa, Basha. Ai injin..."

"Injin shayi! Uwata ma na yi da gawayi."

Ya juya ga matuƙan da ke tsaye, ƙame. "Gidan shayi ne ko ba shi ba?"

"Tamam, ya fandim!"

Ya rubuta uku. Ya ce ukun ma don furfura ce. Aka kashe wutar ɗakin, aka ja ƙofa, aka ɗaura zare a kwaɗo, aka narka jan danƙo a kai, Kwamanda ya danna hatiminsa. A Masar kuwa gara ka taɓa wutsiyar kunama da ka taɓa jan danƙon hukuma. Mai fasa shi sai wanda ya sa, ko kotu.

Kwamanda ya kulle ofishinsa, ya ɗauki rahoto ya nufi Iskandariya da kansa, don irin wannan lu'ulu'u ba a ba ɗan aike. Amm Fahim ya kwashe butarsa, ya koma gindin katangar waje ya zauna. Kowace safiya yakan ce wa masu gadi, "Saura takwas." Gobe, "Saura bakwai." Suka ce baƙin ciki ya taɓa tsoho. Kwamanda yakan bugo waya ya tambayi lafiyar sansani, a ce masa tamam.

Rana ta tara ya dawo, tare da wani Admiral, babban hafsan sojan ruwa, da zai kalli atisaye. Jirage uku za su fita teku na mako biyu. A mota Kwamanda bai bar baƙon ya huta ba.

"Ranka ya daɗe, na tace sansanin nan kamar gari a rariya. Tsakuwa ta fita, tsaba ta zauna. Nan gaba, ba don yabon kai ba, makarantu za su koyar da hanyar Shurbagi."

Suka shigo. Kifin dutse ya buɗe baki, ko ɗigo babu. Kwamanda ya ce ai hutawa yake.

Aka busa ƙaho, aka ɗaga tuta, jirage ba su motsa ba. Kyaftin ɗin babban jirgin ya sauko da gumi, ya sara wa Admiral. Shi dai yau bai ce tamam ba.

"Ranka ya daɗe, babu ruwan sha. Mutum ɗari uku ba sa fita teku da tanki wayam. Mun buɗe famfo, iska ce ke fitowa."

"Ina ruwan yake fitowa?" in ji Admiral, yana duban mai kula da gine-gine.

Kwamanda ya ɗaga madubinsa ya hangi teku, ko zai ga amsa. Ruwa iya ganinka, babu na sha. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Wani mai gadi ne ya tuna da tsoho mai ƙirga. Aka kawo Amm Fahim, butarsa a hannu. Bai yi dogon bayani ba. Ya nuna ƙofa, ya nuna danƙo.

"Hatimin wa?" in ji Admiral.

Har tsuntsayen teku suka yi kamar ba su sani ba.

Da hannunsa Kwamanda ya fasa danƙon. Admiral ya ce ya shiga gaba, tunda shi ne masanin tudu, uwar jirgi. Farin takalmi ya nutse a ruwan tsatsa har idon sawu. Amm Fahim ya kunna inji, ya nuna masa wata ƙatuwar ƙafar ƙarfe.

"Murɗa, Basha. A'a, hagu. Yi a hankali, ba ta san maki ba."

Admiral ya karɓi rahoton, ya karanta daga sama har ƙasa. Sai ya juya takardar ya kife ta, ƙasa ta koma sama.

"Aiki ya yi kyau, Midhat. Riƙon takardar ne ba ka iya ba." Ya dubi tsoho. "Amm Fahim, koma ɗakinka. Amma gaya mini, ofishin can mai maki ɗari, in an rufe shi, kwana nawa kafin jirage su tsaya?"

Tsoho ya sosa ƙeya. "Wallahi ban sani ba, Basha. Sai an gwada."

"Ai an gwada," in ji Kyaftin. "Yau kwana tara yana kulle."

Jama'a suka dubi juna. Babu wanda ya lura cewa a kulle yake.

Da sauran danƙon da ya rage aka liƙe ƙofar ofishin, don a sami amsa ta gaskiya. Jirage suka fita, suka dawo. Amm Fahim ya cika watanninsa bakwai, ya tafi ƙauye da mutuncinsa. Amsar kuwa har yau ba ta samu ba. Ana dai ƙirgawa.