Sola Mai Shan Fetur

A duk faɗin layinmu babu mutum mai hangen nesa kamar Alhaji Mai Sola. Wannan ba ra'ayina ba ne ni kaɗai, shi ma da kansa ya sha faɗa. Sana'arsa sayar da labule da kafet, kuma Allah ya yi masa baiwar sanin abin da ya kamata ido ya gani da abin da ya kamata a rufe. Yana da tumbi daidai misali, da hula a karkace, da tafiyar mutumin da ba ya so ya isa da wuri don kada wasu su rasa ganinsa.

Ranar da aka kawo masa farantan sola, motar kayan sai da ta zagaya layin ta sake zagayawa, wai direba ne ya ɓace. Farantai ne manya, baƙaƙe, sai sheƙi suke. Masu ɗorawa suka ce a sa su ta bayan gida, nan rana ta fi bugawa. Alhaji ya ce a'a, ta gaba za a sa, wajen titi. Tun daga ranar ya daina cewa wuta, ya koma cewa makamashi. Ya fito da tsohon janaretansa ƙofar gida ya sayar a bainar jama'a, har da jawabin bankwana.

"Ni fa na raba gari da kamfanin wuta," in ji shi. "Tsakanina da rana kai tsaye ne, babu ɗan aike. Ku da kuka rage a duhu, ina yi muku addu'a."

Abin da ya rage a aikin bai taka kara ya karya ba: batura ne kawai, da akwatin nan da ke juya hasken rana ya zama wuta. To, waɗannan a cikin ɗaki ake ajiye su, ba a hango su daga titi, saboda haka Alhaji bai ga dalilin gaggawar sayensu ba. Wayoyin da suka sauko daga rufi sun ƙare ne a cikin sito, a naɗe a jikin ƙusa, inda matarsa Hajiya take rataye tsintsiya. Gidan yana shan wutar kamfani kamar gidan kowa. In an ɗauke na ɗan lokaci, sai ya jera fitilun caji a bayan labulen falo, daga waje ka ga gida ya haske tar. Mutumin da ya san labule ba ya jin kunya da sauƙi.

Ana nan sai babbar ɗaukewa ta zo. Ba ta unguwa ba ce, ba ta gari ba ce, rediyo ya ce babban layin wutar ƙasa ne ya faɗi, garuruwa da yawa sun yi ɗif. Da farko kowa ya ce yanzu za a kawo. Ba a kawo ba. Firiza ta fara zubar da hawaye. Famfo ya yi tari ya yi shiru, don injin turo ruwan ma da wuta yake aiki. Mai aski ya koma almakashi da reza, ya riƙa sallamar mutane da kai kamar gonar da awaki suka shiga. Tela ya kakkaɓe tsohon keken ƙafa. Yara suka ɗago kai daga talabijin suka gano ashe iyayensu na da fuska. Amma babban tashin hankali shi ne waya. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa yin ja suna mutuwa, manyan mutane suna zaune suna shafa baƙin gilashi kamar masu zaman makoki.

Sai aka tuna da Mai Sola.

Da hantsi ƙofar gidansa ta cika, kowa da waya da caja a hannu. Hajiya ta leƙa ta taga ta dawo tana salati.

"Alhaji, don girman Allah ka fita ka gaya musu ba a gama haɗawa ba. Wa zai kashe ka?"

"Hajiya, ke mace ce mai kirki, amma ba ki san shugabanci ba," ya ce. "Miƙo mini turare."

Ya fito cikin sabuwar riga, ya hau dakali, ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Jama'a, na san wannan rana za ta zo. Na faɗa, aka ce Alhaji ya cika baki. To ga ta. Amma ni ba mai riƙo ba ne. Kowa ya sa wayarsa a kwandon nan. Sharaɗi ɗaya: kada wanda ya kuskura ya shiga ɗakin sarrafa makamashi. Ƙarfin da ke ciki, in ya ja mutum, sai dai a share toka."

Ɗakin sarrafa makamashi gareji ne. Na'urar kuwa tsohuwar motarsa ce, mai ramin caji guda ɗaya tal a kusa da giya. Nan bawan Allah ya shiga ya tayar da inji, ya tuɓe riga ya rage daga shi sai singileti, ya dasa caja ya fara yi wa wayoyin layi hidima ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ce ta tilasta masa buɗe ƙofar da ke kallon tsakar gida don hayaƙi ya fita, ta ce ba za ta yi takaba saboda wayar mai aski ba. Kowace waya ya ɗan ɗanɗana mata wuta ya cire, ya sa wata. Da la'asar ya yi wanka, ya sake turare, ya fito yana rabawa kamar mai raba kyaututtuka a makaranta.

Mai aski ya karɓi tasa ya shinshina iska. "Ranka ya daɗe, sola tana hayaƙi ne? Na ji kamar warin salansa."

"Ta zamani ce," in ji Alhaji. "Tana fitar da guntun ranar da ba ta ƙone ba. Ba kowa zai gane ba."

Mai kifi, wata baiwar Allah da ke sayar da kifin kwali a bakin layi, ta matso ta durƙusa. Ta ce kayanta sun fara laushi, a taimaka mata da kusurwar firiza.

"Baiwar Allah, da so samu ne. Amma irin wannan sola ba ta son ƙarni. Kamfanin sun rubuta a jiki."

Ta tafi tana yi masa addu'a, tana mamakin ilimi.

Cikin gidan kuwa zafi ake sha kamar ko'ina. Hajiya tana guga da dutsen gawayi a bayan ɗaki don kada a hango hayaƙi, wayarta a mace, don layi bai zo kanta ba. Ruwan randa ya yi ɗumi. Amma Alhaji ba ya fita ƙofar gida sai da kofin silba a hannu, wanda ya zuba wa tsakuwa a ciki. Ya girgiza, ya yi ƙaras-ƙaras kamar ƙanƙara, ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Kai! Na hana su sanyaya ruwa haka. Haƙorana."

Mutane suka riƙa haɗiyar yawu. Wani dattijo ya roƙi kurɓi ɗaya, Alhaji ya ce likita ya hana tsofaffi.

Labari ya tsallaka layinmu ya shiga na baya da na bayan baya. Kwando ya zama kwanduna. Aka canja masa suna daga Mai Sola zuwa Uban Haske, bai ce a daina ba, sai ma ya riƙa juyowa da sauri in an kira. Malamin makarantar layi ya kawo shawarar a naɗa shi shugaban unguwa da zarar an kawo wuta. Alhaji ya ce shi mulki bai dame shi ba, amma ya tambayi ko akwai kujera ta musamman. Idanunsa sun yi ja saboda hayaƙi, ya rame, wuyan riga ya yi masa yawa. Mutane suka ce tunanin al'umma ne.

Abin da Uban Haske bai hango ba duk da hangen nesansa shi ne gidan mai ma da wuta yake zuba fetur. Yawancin gidajen man sun rufe. 'Yan kaɗan masu janareta kuwa, layin motocinsu ba a ganin ƙarshensa, kuma yaya za a yi a ga mutumin da ya raba gari da kamfanin wuta yana tsaye da jarka? Wata safiya allurar mai ta kwanta. Motar ta yi tari, ta yi shaƙuwa, ta yi shiru. Ya ci gaba da tatsar batirinta har shi ma ya ce ga garinku nan. Alhaji ya zauna a bayan sitiyari, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ga wayoyin mutane tuli a kujerar baya. Wallahi a nan ya ba ni tausayi, duk da haushinsa da nake ji.

Ya fita ya yi wa jama'a bayani. Ya ce gajimare ne. Kowa ya ɗaga kai, sama fes, rana kamar ta fasa kai. Ya ce to shi ne matsalar, ranar ta yi yawa, farantai sun ƙoshi, sai sun narkar da wadda suka ci. A dawo da yamma.

"Alhaji," in ji Hajiya da ya shigo, "yau dai ka faɗa. Za su yi dariya kwana biyu su manta."

"Dariya? Ni?" Ya dafe ƙirji. "Nemo mini buhu."

Ya zuba wayoyin a buhun, ya sa tsohuwar rigar da yake wankin mota da ita, ya rufe hanci da takunkumi, ya ɗora baƙin tabarau, ya fice ta ƙofar baya. Ya tari mai babur ya ce a kai shi can ƙarshen gari, kasuwar da babu wanda ya san shi. A can akwai wani mai caji da ƙaramin janareta da allon soket, mutane sun yi layi kowa da wayarsa ɗaya. Uban Haske ya bi layi a rana, karo na farko a rayuwarsa. Da aka zo kansa ya kwance bakin buhu ya zazzage a kan tebur.

Mutanen layi suka zuba wa tulin wayoyin ido.

"Malam, duk naka ne?" in ji mai caji.

"Nawa ne. Ni mutum ne mai harkoki."

Mai caji ya ɗauki wata waya mai jan gida da hoton furanni ya jona. Ta kawo haske, hoton wani jariri ya fito. Ya jona wata, ta nemi lambar sirri. "To buɗe mu gani."

Alhaji ya danna, ta ƙi. Ya sake dannawa, ta ƙi. Ana cikin haka ta farkon ta ɗau ruri, a fuskarta an rubuta Mijina Abin Alfaharina. Wata mata a layi ta dafe jakarta. Wani ya ce dama tun ɗazu bai yarda da tabaran nan ba. Wani daga baya, wanda bai ma ga komai ba, ya kwarma ihu: "Ɓarawon waya!"

Alhaji ya miƙe ƙirji ya saki muryar dakali. "Kai! Kun san ko ni wane ne?"

"Wane ne kai?" jama'a suka amsa baki ɗaya.

Ya buɗe baki. Ya tuna cewa sunan ne ya zo ɓoyewa. Ya rufe.

Allah ya taimake shi akwai 'yan sanda a bakin kasuwa. Suka fizge shi daga hannun mutane, takalmi ɗaya, tabarau ido ɗaya, suka kai shi ofis da buhunsa. Ofishin ma babu wuta. Saja yana zaune yana fifita da kwali. Ya tambayi sunansa, Alhaji ya ce sai lauyansa ya zo. Ya tambayi unguwarsa, ya ce shi ɗan ƙasa ne. Sai wayar mai furanni ta sake ruri da ɗan cajin da ta samu. Saja ya ɗauka. Mijin mai kifi ne, yana tsaye a ƙofar gidan Uban Haske tare da rabin unguwa, ya ari wayar wani mai sauran caji ya sa layinsa a ciki, yana kira ya ji ko ta matarsa ta cika.

Kafin la'asar sakaliya sun iso. Mai aski, tela, malamin makaranta, mai kifi da mijinta, har da dattijon da likita ya hana ruwan sanyi, suka cika ƙofar ofis suna leƙe. Saja ya sa hannu ya janye takunkumin. Aka ɗauki salati. Mai kifi ta ce wannan sharri ne, mutumin da rana ke yi wa aiki me zai yi da wayarta? Malamin makaranta ya ce a bi a hankali, babban mutum ne.

"Madalla," in ji saja. "Abu mai sauƙi. Alhaji, ga masu kaya nan, kuma suna ganin girmanka. Ka gaya musu da bakinka me ya sa mai sola a gida ya ɗauko wayoyinsu a buhu ya kawo wa mai janareta. Ka faɗa, ka tafi gidanka yanzu. In ba haka ba, sata zan rubuta."

Uban Haske ya dubi mai aski. Ya dubi mai kifi. Ya dubi malamin makaranta, wanda har yanzu hannunsa na kan ƙirji don ladabi. Ya daɗe yana nazari, kamar yadda manya ke yi kafin su yanke babban hukunci. Sannan ya gyara wuyan rigar wankin mota, ya sunkuya kusa da kunnen saja, ya rage murya.

"Yallaɓai, ita satar, wata nawa ake yi?"