Ranar da Na Shiga Bukkar Inna Dija

Ba zan taɓa mantawa da dogon hutun da jikana Abba ya yi a wurinmu a Rano ba, domin a hutun ne na gane cewa gwiwoyin nan nawa da kullum nake kuka da su lafiyarsu ƙalau, abin gudu ne kawai ba su samu ba.

Abba ɗan babban ɗana ne, haifaffen Kano, lokacin yana aji biyu a firamare. Sunana aka sa masa, shi ya sa iyayensa suke sakaya shi da Abba. Tsakaninmu kuwa wasan kaka da jika ne. Matata Hajiya tana ce masa maigida, ni kuma ina ce masa ya zo ƙwace min mata, sai dai mu gwada ƙarfi.

Sai da Hajiya ta yi ta roƙo kafin uwarsa ta yarda ya zo mana hutu shi kaɗai, shi ma da sharaɗi: ranar da yaro ya ce gida yake so, ranar za a zo a ɗauke shi. Hajiya ta ce ta ji. Ni ma na ce na ji, ina wani basarwa, alhali na fi ta ɗoki. Tun da autarmu ta yi aure gidan ya yi mana faɗi, in ba rediyo ba babu mai surutu a cikinsa. Ina son yaron nan ya zauna, kuma ina son baɗi ma ya dawo.

Matsalar ita ce Abba yana tsoron duk wani abu mai ƙafa huɗu, har da mai biyun ma. Washegarin zuwansa zakaran Hajiya ya miƙa wuya ya yi cara a kusa da shi, yaro ya zubar da kofin koko ya ruga bayan kakarsa. Na yi dariya har da tari. Na ce da shi mai gudun zakara ne zai ƙwace min mata? Daga nan baki ya buɗe. Na ba shi labarin cewa ina kamarsa ni kaɗai nake kora garken shanu, har na taɓa kama ƙahon wani bijimi na murɗe shi sai da ya durƙusa. (Gaskiyar magana, ni ɗan kasuwa ne, yadi na sayar duk rayuwata. Kiwon da na taɓa yi awakin innata ne guda biyu, ɗaya ta shiga waken maƙwabta na sha duka.) Hajiya ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Ban san dariyar nan ta yi masa ciwo ba. Ya daina gudu in ina wurin, sai dai ya sandare yana haɗiye kuka don kada in gani. A madafi kuma yake tambayar Hajiya yaushe Babansa zai zo. Ita ta faɗa min, ta ce tunda ni na ɓata sai in gyara. Muka yanke shawarar mu riƙa fita da shi yana ganin dabbobi, ko ya saba da su. Muka kai shi Saji gidan ƙanen Hajiya mai kiwon zabi da tattabaru, ya kalle su ta gilashin mota, ya ƙi saukowa. Ni kuma maimakon in yi shiru, duk dabbar da muka wuce a hanya sai na ƙara labarin yadda na taɓa yi da irinta. Kafin mako ya zagayo har kura na kora da sanda.

Ana cikin haka Inna Dija ta zo. Bafulatana ce da ta daɗe tana kawo wa Hajiya nono, rugarsu tana bayan Fassi, a ƙasar Kibiya. Ta ce wata saniyarsu ta haihu, a kawo yaro ya ga ɗan maraƙi, ai ba a tsoron jariri. Ranar ce kuma Abba ya fito fili ya ce a kira masa Babansa. Hajiya ta lallashe shi ya bari sai mun dawo daga ruga, in har lokacin yana son tafiya, ita da kanta za ta buga wayar. Ya yarda. Ni da ita muka san wannan fitar ce ta ƙarshe in ba a dace ba.

Da sassafe muka tashi. Kada ka tambaye ni dalilin da ya sa mutum zai tafi ruga a tsakiyar damina cikin babbar riga ta farar shadda, da hula da turare. Ina jin so nake yaro ya ga gwarzo a cikin kayan gwaraza. Muka ajiye mota a bakin hanya saboda taɓo, muka bi ta tsakanin gonakin dawa, Abba yana riƙe da mayafin Hajiya, ni ina gaba ina tattare riga.

Mun tarar ana tatsa. Malam Buba, mijin Inna Dija, ya tarbe mu da fara'a, aka shimfiɗa mana tabarma. 'Yan maruƙa suna ɗaure a jere a jikin dangwali, doguwar igiyar nan da ake ɗaure su don kada su shanye nonon kafin a tatsa. Sabon haihuwar yana can ƙarshe, fari tas, ƙafafu kamar sillen kara. Uwarsa tana gefe tana kallonsa. Malam Buba ya ce mu ɗan jira ya gama da wadda yake tatsa, ya zo ya tsaya wa uwar tukuna, don haihuwar fari ce, ba ta son baƙo kusa da ɗanta. Ya faɗa da Hausa, ba da Fillanci ba, kuma na ji shi sarai.

To amma ga Abba yana kallon ɗan maraƙin, a karo na farko ban ga tsoro a idonsa ba. Sai ya juyo ya ce, "Alhaji, kai ai ba sai an tsaya maka ba ko?"

Baki shi ke yanka wuya. Me zan ce? Na miƙe na gyara hula, na kama hannunsa muka nufi dangwali. Na sunkuya na rungumo ɗan maraƙin zan ɗago shi don yaro ya shafa. Ɗan maraƙi ya yi wani ɗan kuka siriri. Sai na ji wani huci a bayana. Na waiwaya, na ga ƙahoni biyu sun sunkuyo suna tahowa.

Daga nan ban san abin da ya faru ba sai a bakin mutane. An ce na saki maraƙi, na saki jika, na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. An ce na tsallake turken jaki da ƙwaryar tatsa a tsalle ɗaya. Ni dai abin da na sani, na ga wata ƙofa na faɗa. Ƙofar bukka kuwa ka san sai an durƙusa, ga ni da ƙiba, ga babbar riga. Rigar ta maƙale a wani ice, na fizga na ji ƙiii, na ƙarasa ciki da rarrafe, na yi karo da wani abu, ya rikito min a ka.

Bukkar Inna Dija ce. Abin da ya rikito kuma jeren ƙorenta ne, waɗanda Bafulatana take ji da su kamar ranta, har da wata mai kindirmon jiya a ciki. Ni Alhaji guda, mai jikoki, ina durƙushe a ɗakin matar mutane, a gaban mijinta, kindirmo yana bin gemuna. Sai a lokacin na tuna da Abba. Wallahi tsoron da na ji ya fi na lokacin da na ga ƙahonin.

Na leƙo. Saniya tana tsaye tana lasar ɗanta, ko ta kaina ba ta bi ba, ashe taku kaɗan ta yi ta tsaya. Abba yana jikin Hajiya, ko ƙwarzane babu. Matan ruga sun juya baya, kafaɗunsu suna rawa. Malam Buba, Allah ya saka masa, ya ƙura wa ƙasa ido, ya ce ai ba komai, abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Da ma dariyar ya yi min da ta fi sauƙi.

Na fito da baya da baya. Na so in yi borin kunya, na fara cewa ai dabara ce, na janye hankalin saniyar ne daga kan yaro. Hajiya ta ce, "Alhaji, goge gemunka tukuna."

Sai ga Abba ya saki kakarsa ya taho, yana riƙe da takalmina ƙafa ɗaya da na bari a hanya. Na jira ya rama dariyar zakara, don yana bina bashinta. Bai yi ba. Ya ajiye min takalmin, ya kama ɗan yatsana, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Kai ma kana jin tsoro?"

Na duba hagu da dama, na ga babu sauran abin ɓoyewa. Na ce, "Sosai ma, takwara. Ban taɓa murɗe bijimi ba. Kurar ma ƙarya ce."

Sai ya ce to in zo mu je tare, in ta taso sai mu gudu tare, amma kada in sake barinsa. Maganar nan ta fi yagewar rigar yi min ciwo. Malam Buba ya tsaya wa saniyar, muka matsa mu biyu, Abba ya shafa kan ɗan maraƙin. Ya daɗe yana shafawa, har sai da Hajiya ta ce rana ta yi.

Da muka dawo gida Hajiya ta cika alkawari, ta buga wa Babansa waya ta miƙa masa. Ina zaune a tsakar gida ina sauraro, raina duk a jagule. Sai na ji yana cewa shi ba yanzu zai dawo ba, wai Alhaji yana tsoron shanu, in ya tafi babu mai raka shi ruga. Kafin magariba labarin ya zagaye 'ya'yana kaf, har wadda take aure a Zariya ta kira tana tambayar lafiyar gemuna.

Hajiya ta sayo wa Inna Dija sababbin ƙore, ni kuwa har yau in na ji sallamarta a zaure sai in tuna ina da aiki a ɗaki. Abba ya ƙare hutunsa a wurinmu, kuma duk damina yana dawowa. Matar ma na sallama masa, don Hajiya ta ce ba ta zama da mai shiga bukka. Abin da na koya shi ne, in tsoho ya ga dole sai ya yi wa jikansa cika baki, to ya yi a kan giwa, don ita dai na bincika, babu ta tsakanin Rano da Kibiya.