Hawayen da Na Gwada a Banɗaki

Ko zan manta lambar ƙofata a unguwarmu ta Soundview, ba zan taɓa mantawa da ranar walimata ba.

Na haura hamsin na koma aji. In gama aikin kula da tsofaffi, in hau bas in tafi makarantar manya, har na samu satifiket ɗina na sakandare. Hajiya Rabi, maƙwabciyata, ita ce kullum ke tare ni a bakin lif da zolaya: "Ɗaliba, yau ma an ba ki aikin gida?" To, dominta na haɗa walimar nan, gaskiya ɗaya ce. Ina so ta zauna a falona ta gan ni a talabijin, a bidiyon bikin yaye mu, da riga da hular kammalawa.

Matsala guda: ban iya karɓar yabo ba. Ni in aka ce "sannu da ƙoƙari", cewa nake "ai kuwa na yi". 'Yata Zainab ta ce, "Mama, ranar nan dai ki yi kunya irin ta mutane." Sai na shiga banɗaki da rigar kammalawar, na jingina waya a madubi, na ɗauki kaina a bidiyo ina koyon tawali'u.

Kuma ya yi aiki! Duk wadda ta shigo da barka, in sunkuyar da kai, in dafa ƙirji, in ce, "Wallahi ba iyawata ba ce, addu'arku ce," in goge ido da gefen mayafi. Har Hajiya Rabi sai da ta rungume ni.

Aka ci waina, aka zo kallo. Zainab ta miƙe za ta haɗa kayan, na ce, "Zauna! Mai satifiket ce za ta haɗa." Na sa kebul daga wayata zuwa bayan talabijin, na danna bidiyon da na ga kaina da hula (biyu ne masu hular, ban kula ba). Hoto ya fito, in ji su, amma babu murya. Na jawo ƙatuwar sifikar da muka aro ta bikin suna, na ƙure muryarta har ƙarshe. Shiru. Na kutsa bayan talabijin, ni da goggorona, ina laluben ramuka.

Daga can nake jin ƙus-ƙus da dariya. Na ce a raina, farin ciki ne ya kama su. Zainab tana ta "Mama! Mama, wait! Tsaya!" Na ce, "Ke, kar ki dame ni, na gano ramin!"

Na cusa kebul ɗin sifika. Sai muryata ta tashi kamar ana kiran salla:

"Wallahi ba iyawata ba ce, addu'arku ce... A'a, hawayen bai fito ba. Sake. Wallahi ba iyawata... Yauwa! Wannan zan yi wa Rabi."

Jama'a, na so bangon nan ya buɗe in faɗa gidan maƙwabta. Falo ya kece. Wata har da buga cinya tana "Wayyo cikina!" Ni kuwa na maƙale tsakanin bango da talabijin, ba gaba ba baya, wayar ma ta zame ƙarƙashin teburi, ina jin kaina a sifika ina sake kuka karo na uku.

Da aka jawo ni, ƙura a goggoro, Hajiya Rabi tana share hawaye, nata na gaske. Ta ce, "Ƙawata, na ukun ya fi kyau, me ya sa ba ki yi min shi ba?"

Na gyara ɗauri na ce, "To tunda kun gani, bari ku ji: iyawata ce! Ni na yi karatun nan!"

Guɗa ta ɓarke. Rabi ce ma ta fara.

Tun ranar na daina aron kunyar da ba tawa ba. Kuma kafin in sa wa talabijin murya, sai na zagayo gaba na ga abin da yake nuna wa mutane.