Yatsan Ɗiyar Tabawa

A wani daji, can bayan fadama, majalisar dabbobi ta gina ɗakin renon 'ya'yan jimina, saboda gashinsu ake so. Da aka ce baƙi za su zo gani, sai aka yi wa ɗakin daɓe mai sulɓi, sai ƙyalli yake yi. Ba wanda ya tambayi masu takawa.

Kwana uku jarirai suna ta zamewa. Tabawa, wata tsohuwar jimina, ta duba ɗiyarta, ta ga babban yatsan ya murɗe, farcen yana kallon gefe. Ta san sauran zancen. Nan da kwana bakwai ƙashi zai yi ƙwari a haka, jiminar da ba ta gudu kuwa ta kura ce.

Ta faɗa zauren majalisa ko sallama babu.

"Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba, amma ina da ido. Yatsu biyu Allah ya ba mu a kowace ƙafa, kun lalata ɗaya. Ku fasa daɓen nan, ku zuba yashi!"

Shugaba Raƙumin Dawa, wanda rabonsa da ganin ƙafarsa tun yana ƙarami, ya yi gyaran murya. "Iya, a yi haƙuri. Baƙi sun yaba daɓen nan ƙwarai. Za mu naɗa kwamiti, Kunkuru ya shugabanta."

Kunkuru ya leƙo da kai. "Iya, ki rubuto kokenki."

"Da wane yatsan, ɗan nema?"

Ta fice, ta kai ɗiyar wurin Kande, zabuwa mai ɗori. Kande ta tsaga kara, ta miƙar da yatsan a kai, ta ɗaure da zaren rama, ba tamau ba. "Kullum ki kwance ki duba, ki mayar. Kuma ki raba ta da sulɓin nan, in ba haka ba aikin banza muka yi."

Tabawa ta tara iyaye mata. Suka juya wa ɗakin baya, suka yi ta shuri da yashi har daɓen ya ɓace. Kande ta bi jarirai ɗaya bayan ɗaya da kara da zare.

Rana ta shida aka cire ɗorin gaba ɗaya. Ɗiyar ta taka, ta yi tangaɗi, sai ta zura da gudu, Tabawa na binta da zagi, hawaye na zuba.

Bayan damina rahoton Kunkuru ya fito. Kwamiti ya duba, bai sami yatsa ko ɗaya a karkace ba, don haka ya ba da shawarar a ja wa masu yaɗa jita-jita kunne.