Tumbin Haladu Mai Fanka

Wani mutum ne a unguwarmu, Haladu mai gyaran fanka. Ba mugu ba ne, bawan Allah, sai dai bakinsa ya fi shagonsa faɗi. Siriri ne kamar tsinken tsire. Amma da ya fara neman Ladidi, bazawarar nan mai ƙosai, sai muka wayi gari ya yi tumbi. Don ta taɓa cewa ita ba ta auren namijin da iska za ta ɗauka.

Kullum yana bakin kaskonta yana zuba:

"Injin jirgin sama? Fanka ce, Ladidi! Girma kawai ta yi. Biyu na gyara da hannun nan."

"Allah, Malam Haladu?"

"Ko tocila ban kunna ba!"

To, rana ba ta ƙarya. Lokacin tafiya Makka ya zo, muka cika mota rakiyar alhazai zuwa filin jirgi, har da Ladidi. Ba a bar mu shiga ba, sai muka jeru jikin wayar shinge, can inda jirgi ke juyawa kafin ya tashi. Haladu ya sha babbar riga, sitaci har ƙara yake.

Jirgi ya juyo mana baya. Waɗanda suka saba zuwa suka ja gefe, muka bi su.

Haladu ya ce, "Ƙauyanci! Fanka ta gaba take hurawa. Wa ya taɓa shan iska a bayan fanka? Ladidi, zuba ido."

Ya je ya tsaya saitin bayan injin, ya riƙe ƙugu.

Wiiiii... sai fuuuu!

Ashe ita wannan ta gaba take zuƙa, ta baya take fesowa. Hularsa ta riga alhazai kama hanya. Riga ta tashi ta naɗe masa kai. Ƙafafu kamar na zalɓe suna ta harbin iska, yana ihu:

"Wayyo Allah! A kashe! A zare soket!"

Sai wata igiya a ƙugunsa ta tsinke, tas! Tumbi ya yi sama, ya faɗo tim a gaban Ladidi. Matashin kai ne, 'ya'yan nan, har da tabon miyau.

Aka tsamo Haladu daga kwata. Ladidi ta karkaɗe matashin, ta maƙale a hammata, ta ce:

"Sannu, Malam Haladu. Kai iska ta ɗauke ka. Wannan ne ya iso wurina, da shi zan koma gida."